Yadda Baba Mai Makulli Ya Ɗauki Ciki

Mijina gilashin kariya yake manna wa wayoyin mutane. Tebur ɗaya gare shi da laima da tsumman goge fuskar waya, a bakin titi kusa da tashar bas. Amma in kana so ya amsa gaisuwarka da fara'a, sai ka ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, ya rubuta a jikin laimar da jan fenti, wuri ya ƙare masa, harafin ƙarshe ya gangaro ƙasa shi kaɗai.

Ni kuma Amarya ake kirana a gidan hayarmu, ko da yake wata tara ke nan da tarewata. Ba ni da yawan magana, karatuna ma bai yi nisa ba, sai dai in na zauna wanki a bakin famfo ba abin da ke wuce idona. Ɗakuna biyar ne a gidan, tsakar gida ɗaya. Akwai Baba Mai Makulli, mai gidan, dattijo ɗan saba'in da ba ya rabuwa da tarin makullai a ƙugu, wanda ya hana kunna rediyo da ƙarfi. Akwai Yaya Mai Ɗinki, akwai Direba, akwai Hedimasta da ya yi ritaya. Sai mu.

A lokacin ina da ciki wata biyu, ban gaya wa kowa ba. Ma'aikaciyar asibiti ce ta sa mini wata manhaja a waya mai lissafa makonni. So nake Injiniya ya ji daga bakina, mu biyu a ɗaki, kafin kowa. Na yi ta gwada maganar a gaban madubi, amma da zarar ya shigo sai in fasa. Shi kuma ba ya barin ramin da mutum zai jefa magana.

Wata Laraba da yamma ya shigo bai ko ajiye laimar ba, ya tsaya a tsakar gida.

"Jama'ar gidan nan, ku fito. An sayar da ku kuna zaune."

Hedimasta ya leƙo da jarida a hannu. "Wa ya saye mu? Ni dai ban ga ya zo ɗauka ba."

"Kantin nan na cikin waya da kuke sauke manhajoji, kun san abin da yake yi? Duk manhajar da ka sauke, sai ya miƙa wa masu ita sunanka da lambarka da adireshinka. Su miƙa wa abokan cinikinsu, abokan su miƙa wa nasu abokan. Yanzu haka akwai wani ƙato a saman wani bene da ya san ƙarfe nawa Direba ke shiga wanka."

"Ai a rubuce yake," in ji Hedimasta. "A ƙananan rubutun nan da kowa ke danna ya yarda bai karanta ba. Wa ya karanta maka?"

"Ni na gano."

Daga baya na ji wata ɗaliba ce ta gaya masa tana jiran ya gama manna mata gilashi.

"To sai a goge manhajojin," in ji Yaya Mai Ɗinki.

"Yaya, wannan dabarar matsorata ce. Ni ruɗa su zan yi. Zan shiga rajistar kowa a kantin, in cire sunansa da lambarsa da lambar ƙofarsa, in sa na maƙwabcinsa. Su nemi wannan su tarar da wancan. Sati biyu na ba su, za su kulle ofis su zo neman shawarata."

Na zaci za a yi masa dariya a watse. Amma ba wanda ya dara. Direba ya dafa aljihun da wayarsa take. Yaya Mai Ɗinki ta kalli ƙasa. Baba ya daina kaɗa makullai, ya yi gyaran murya.

"Wato in mutum ya sauke wani abu, ko da bisa kuskure, ba za a san shi ne ba?"

"Ko ni da na yi aikin sai na duba takarda, Baba."

Kafin a ce me, wayoyi huɗu sun hau tabarma.

Injiniya ya rubuta sunaye a 'yan takardu, ya ce Hedimasta ya ara masa hularsa a yi ƙuri'a. Hedimasta ya dafe hular da hannu biyu kamar za a ƙwace masa fansho, ya ce mura yake yi. Da kwanon shan ruwana aka yi. Amma kafin a zari takardun, mijina ya ce huɗu ba sa ruɗa kamfani, sai biyar.

"Amarya, kawo taki."

"Injiniya, akwai wani abu a ciki da..."

"Me zai kasance a wayarki in ban da hoton kyanwa? Kawo."

"Taka fa?" in ji Direba.

"Tawa? Ni da kaina sai na yi sallama kafin ta buɗe."

Ya shige ɗaki da wayoyin, ya sauke kalandarmu, ya zana a bayanta wa aka ba bayanan wa, da kibiyoyi da da'ira. Ya mayar da ita bango, ya ce ko ni in na juya ta zai sani.

Kwana huɗu ba abin da ya faru. Injiniya ya dinga zagaya tsakar gida da hannu a baya.

"Kun ji shirun nan? Taro suke yi. Wani ma an kore shi daga aiki."

Ranar Litinin da safe ina wanke kwanuka, Baba ya fito da tabarau a kan hanci, yana riƙe da waya nesa da fuska.

"Hedimasta, zo ka duba mini ko idona ne. Wai barka da shiga mako na goma. Wai jaririna ya kai girman ɗan lemon tsami."

Kwano ya suɓuce mini ya faɗa bokiti. Yaya Mai Ɗinki ta kalle ni sau ɗaya, ta ci gaba da shanya.

"Allah ya raba lafiya, Baba," in ji Direba.

"Za ka tashi daga gidan nan."

Ba a yi awa ɗaya ba wata mata ta kira shi daga kamfanin kayan jarirai. Baba ba ya jin waya sai ya saki muryar a fili, don haka duk muka ji. Shi kuma mutum ne da ba ya ƙin amsa tambayar lafiya.

"Akwai tashin zuciya da safe?"

"Akwai, in na sha maganin hawan jini ban ci komai ba."

"Kumburin ƙafa fa?"

"Shekara uku ke nan."

"An fara jin motsi?"

"Ana ji, musamman in na ci wake."

Ta ce sun sa shi a jerin masu buƙatar kulawa ta musamman.

Talata kuma wayar Hedimasta ta fara. Makarantar koyon tuƙi ce. Suka ce sun ga ya maimaita darasin ribas sau tamanin da ɗaya, kada ya ji kunya, da yawa haka suka fara. Hedimasta ko keke bai taɓa mallaka ba. Direba ya yi dariya har da riƙe bango, dariyar ta yi tsawo fiye da kima. Ni kuwa na tuna kullum can ƙarshen layi yake ajiye motar ofishinsu, inda hanya ta zagaya, ya tako da ƙafa ko ana ruwa. Yakan ce motsa jiki yake yi.

Laraba dillalin gidaje ya yi sallama yana neman Direba. Ya ce ya samo masa ɗaki biyu da taga babba, kuma kamar yadda ya nema a manhaja, mai gidan ba ya zaune a ciki.

"Me ya rubuta?" in ji Baba.

Dillali ya duba. "Dalilin tashi: mai gida ya cika mita, yana ƙirga bokitin ruwa."

"Ni ke ƙirga bokiti? Kai da jiya ka ɗebi shida?"

"Baba, wallahi ban rubuta ba."

"Haba Direba," in ji Yaya Mai Ɗinki tana gyara zare a allura. "Baba da yake kamar uba a gare mu. Ban zaci haka daga gare ka ba."

Washegari nata ya iso. Mai babur ya kawo mata kwali, ta buɗe a gaban kowa tana zaton yadi ne. Takalmin rawa ne mai sheƙi, na maza, ƙafa arba'in da biyar, da takarda mai cewa ƙugunta ya fara sakewa, ta ci gaba da ƙoƙari. Baba ya yi faɗa har makullai na ƙara.

"Rawa a gidana? Gidan mutunci?"

Amma idonsa na kan takalmin. Ni kuma na san kullum bayan azahar yakan saki labule, sai a ji dif, dif, dif, da ƙarar makullai a jere. Na ɗauka ƙusa yake bugawa.

Namu kwalbar man gashi ce, an rubuta: Sanƙo ba ƙarshen duniya ba ne. Injiniya ya karanta sau biyu. Ya shafa tsakiyar kansa. Maimakon ya juya kalandar da ya zana da hannunsa, sai ya ari madubin Yaya ya haɗa da nawa.

"Na gane. Wuni nake sunkuye a kan wayoyin mutane. Ta sama suke kallona. Amarya, zo ki duba."

Ya durƙusa a gabana. Mu biyu ne a ɗaki, kuma yau ga shi ya yi shiru. Na tattaro ƙarfina.

"Injiniya, ina so in gaya maka wata magana."

"In ya fara, faɗa mini kai tsaye. Ni namiji ne."

"Ba maganar gashi ba ce."

"Wato ya wuce a yi magana." Ya miƙe ya juye rabin kwalbar a kai.

Man yana warin kifi da albasa. Amai ya taso mini, na fita da gudu zuwa bayan gida. Na jiyo shi yana gaya wa Direba cewa matarsa ba ta iya ganinsa cikin damuwa.

Kafin Juma'a gidan ya zama kasuwa. Waya ba ta minti biyar ba ta yi ƙara ba. Baba ya samu ƙunzugun jarirai fakiti biyu da matashin kwanciyar masu ciki, wanda ya ce a bar masa don yana taimakon bayansa. Direba da Baba ba sa gaisawa. Ƙudaje na bin Injiniya har tashar bas. Da yammar Juma'ar suka tare shi a bakin famfo.

"Ka mayar mana da wayoyinmu yadda suke," in ji Hedimasta. "Yau sau tara ana tambayata ko na san inda madubin gefe yake."

"Hedimasta, kai karatu ka iya, ni kuwa cikin waya na sani. Wannan da kuke gani nasara ce. Kamfanin da ya aiko wa ɗan saba'in ƙunzugu, ai ya gama ruɗewa. Saura a kunyata su a bainar jama'a. Na riga na amsa musu duka. Gobe ƙarfe goma za su zo nan, na kuma gayyaci 'yan tasha su shaida."

"Ka gayyaci wa?" in ji Yaya.

"Mutum ashirin ne kawai."

Asabar da safe na jira ya shiga wanka, na hau kujera zan sauke kalandar in ɓoye. Ƙusa kawai na tarar. Da ita ya shiga wankan, a naɗe cikin leda.

Ya fito ya sa rigar da ya yi hoton aure da ita.

"Injiniya, minti ɗaya."

"Bayan taro, Amarya. Yau za ki san wa kika aura."

Mutum ashirin ɗin sun zama kusan sittin, wasu a kan katanga. Motar koyon tuƙi ce ta fara zuwa, malamin ya kutso da ita ta ƙofar gida har gaban famfo, ta toshe hanya. Dillali ya tsallako ta kan but ɗinta. Malaman rawa biyu, mace da namiji, suka miƙo lasifikarsu ta saman mota. Mai man gashi ya zo da akwati da abin auna kai. Matar kamfanin jarirai ta zo da sikeli da ƙaton kwando mai ƙyalli, tana tambayar ina mai cikin da ƙafarta ta shekara uku a kumbure. Aka nuna mata Baba. Ta duba takarda, ta duba Baba, ta nemi wurin zama.

Injiniya ya kife bahon wankina ya hau. Ya warware kalanda.

"Ku wakilan kamfanoni, kun ɗauka kun san kowa. Yau za ku san akwai wanda ya fi ku. Kai mai koyar da tuƙi, wurin wa ka zo?"

"Wurin Hedimasta."

"An yi maka wayo. Hedimasta ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba. Bayanan da kake riƙe da su," ya bi kibiya da yatsa, "na Direba ne."

Ya tsaya yana jiran tafi. Sai wani daga kan katanga ya ce, "Direban da ya shekara goma sha biyu yana tuƙi?"

"Sau tamanin da ɗaya?" in ji wani.

Gumi ya karyo wa Direba. "Ƙarya ne. Ba ni makullin nan ku gani."

Ya fizge makulli daga hannun malamin ya shiga motar. Ya gyara madubi, ya waiwaya baya, ya sa hannu a bayan kujera kamar ƙwararre. Motar ta zabura gaba ta tumɓuke famfo. Ruwa ya yi tsiri sama ya fi katanga tsawo.

Direba ya fito a jiƙe. "To tunda haka ne, karanta na gaba. Ba ni kaɗai zan mutu ba. Wa ya ce Baba ya cika mita?"

"Yanzu kuwa," in ji Injiniya, har yanzu yana ganin abin na tafiya daidai. "Dillali, kai ma an yi maka wayo. Yaya Mai Ɗinki ce."

Baba ya juya a hankali. "Kamar uba, ko?"

"Uba ma ai yana mita, Baba." Ta gyara ɗankwali. "Injiniya, kada ka tsaya. Takalmi ƙafa arba'in da biyar, na wa ne?"

Bai kai ga karantawa ba. Ruwa ya fantsama a kan lasifika, malamin rawa ya yi wuf zai ɗauke ta, hannunsa ya danna wani abu, kiɗa ya tashi. Baba yana tsakiyar faɗa, bakinsa na cewa a kashe, amma ƙafarsa ta hagu ta yi gaba, ta dama ta bi ta, ƙugu ya juya, makullai suka amsa daidai da ganga. Taku takwas ya yi cif kafin ya kama kansa.

"Darasi na sha huɗu ke nan," in ji malamar rawa. "Baba, ka ma fi na cikin bidiyon."

Katanga ta kusa faɗuwa don dariya. Baba ya tsaya yana haki.

"Likita ne ya ce in dinga motsawa. Kai mai kalanda, man sanƙo na wa ne? Faɗi kowa ya ji."

Injiniya ya duba, ya sake dubawa. Fuskarsa ta washe. "Ashe ba nawa ba ne. Jama'a, ba nawa ba ne. Na Hedimasta ne."

Hedimasta ya ja da baya yana cewa zai kai ƙara, igiyar shanya ta kama hular ta tsige ta. Kan ya fito fes, rana na haskawa a kai. Mai man gashi ya matso da abin awonsa cikin ladabi, ya ce bai taɓa samun fili mai kyau haka ba.

Hedimasta ya ɗauki hular daga cikin ruwa, ya matse ta, bai mayar ba.

"Saura ɗaya," ya ce. "Baba dai mun tabbatar ba shi da ciki. Karanta."

Waya biyar aka cuɗa, an kira huɗu. Na ga Yaya Mai Ɗinki ta kalle ni. Direba ya kalle ni ya kawar da kai. Har Baba ya sauke tabarau. Mutum ɗaya ne kawai a gidan bai gama lissafin ba, shi ne a kan baho. Man da ya shafa ya narke da rana ya ɗiga a kan kalanda, ya cinye layin ƙarshe.

"Ku dakata, ba a yi wa ilimi gaggawa," in ji shi yana ƙanƙance ido. Ya fara ƙirga da yatsu. "Direba ya fita. Yaya ta fita. Baba ya fita. Hedimasta..."

Ban san lokacin da na tashi ba. Tsakar gidan taku goma ce, amma ranar sai na ga kamar ba za ta ƙare ba. Na ratsa ta cikin ruwa, silifas ɗina ɗaya ya tsaya a taɓo na bar shi. Mutum sittin na kallona, ni da ko gaisuwa a ƙasa-ƙasa nake yi. Na kama bakin rigarsa na ja.

"Amarya, ina tsakiyar..."

"Sunkuyo."

Ban taɓa ba shi umarni ba. Ina jin mamaki ne ya sunkuyar da shi. Na riƙe numfashi saboda warin man, na sa baki a kunnensa na faɗa masa. Yadda na gwada a madubi, haka ta fito, ba ragi.

Ya miƙe. Ya kalle ni, ya kalli kalanda, ya kalli kwandon matar kamfani. Bakinsa ya buɗe ba abin da ya fito, abin da 'yan tasha suka ce ba su taɓa gani ba. Sai gindin bahon ya lotsa, ya zauna daɓas a cikin ruwa.

Daga nan zaune ya ɗaga yatsa. "Ai... ai na sani. Gwada ku nake yi."

"Ka san me?" in ji Yaya Mai Ɗinki. "Yarinya wata guda tana tofar da yawu tana gudun warin albasa. Ni har na yanka 'yan riguna uku na ɓoye a ƙarƙashin keke. Kamfani ya sani, ni na sani, Baba ma ana ba shi rahoto. Kai kaɗai ne kana can kana leƙen tsakiyar kanka."

"Injiniyan gilashi," in ji wani a kan katanga, aka sake fashewa.

Matar kamfani ta taso da kwandonta, fuskarta ta saki, ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Ta ciro biro ta ce in ba ta lambata. Na ce a'a. A hankali na faɗa, amma ta ji, ta mayar da biron.

Taro ya watse da kyar. Malamin tuƙi ne ya fitar da motarsa da ribas, Direba na tsaye yana kallon hannun malamin da kyau. Baba ya ce Injiniya ne zai gyara famfo, kuma in ya sake taɓa wayar wani a gidan nan, laimarsa ce za ta zama ɗakinsa. Hedimasta ya zauna a dakali kai a buɗe yana mayar wa kowa sunansa da lambarsa, yana karanta ƙananan rubutun a fili, layi-layi, yana kashe duk abin da ake iya kashewa.

A ɗaki Injiniya ya zauna a bakin gado da jiƙaƙƙiyar rigar aure.

"Amarya, da gaske?"

"Da gaske."

"Ni kika fara gaya wa?"

"Kai na fara gaya wa. Sauran ganewa suka yi."

Ya goge ido da tsumman goge waya. Sannan ya ja numfashi, na ga kafaɗarsa ta fara dawowa daidai.

"Yaron nan, tun yana wata shida zan fara koya masa..."

"Je ka wanke kan nan tukuna."

Ya tafi.

Hedimasta ya gyara wayar kowa, amma Baba ya hana a tsayar da saƙon kamfanin jarirai. Ya ce ya saba. Yanzu duk Litinin da safe sai in ji makullai sun tsaya a ƙofarmu, ya yi gyaran murya.

"Amarya, kina ciki? Wannan makon mun kai girman mangwaro. Wai mu rage gishiri, mu dinga ɗaga ƙafa."